Kujera Ɗaya a Cikin Kwanon Tangaran: Nazarin Zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Virginia na 2017

Da hantsin ranar 4 ga Janairun 2018, a birnin Richmond, fadar gwamnatin jihar Virginia ta ƙasar Amurka, hukumar zaɓen jihar ta zauna a gaban 'yan jarida domin ta raba gardamar da masu zaɓe fiye da dubu 23 suka kasa rabawa. An rubuta sunayen 'yan takara biyu a kan guntayen takardu, aka naɗe kowane suna aka saka shi a cikin ɗan gwangwanin roba irin wanda ake ajiye fim ɗin kyamara a da, sannan aka zuba gwangwanayen biyu a cikin wani kwanon tangaran da aka aro daga gidan adana kayan fasaha na jihar. Shugaban hukumar, James Alcorn, ya sa hannu ya ɗauko guda, ya buɗe, ya karanta sunan David Yancey na jam'iyyar Rifablikan. Da wannan ne Yancey ya ci gaba da riƙe kujerar mazaɓa ta 94 a majalisar wakilan jihar, abokiyar takararsa Shelly Simonds ta jam'iyyar Dimokurat ta rasa ta, jam'iyyar Rifablikan kuma ta tsira da rinjayen kujeru 51 a kan 49.

Mai jin Hausa zai lura da wani abu a nan wanda mai jin Turanci ba zai lura da shi ba. Kalmar ƙuri'a da muke amfani da ita a harkar zaɓe ta samo asali ne daga Larabci, kuma ma'anarta ta farko ita ce irin wannan canke da ake yi idan mutane biyu suka yi daidai a kan haƙƙi ɗaya, aka rasa abin da zai fifita wani a kan wani. Saboda haka abin da ya faru a Richmond shi ne ƙuri'ar zaɓe ta gaza, aka koma ga ƙuri'a ta asali. Labarin ya zagaya duniya a matsayin abin mamaki, aka riƙa cewa sa'a ce ta yanke wa jiha mai mutum fiye da miliyan 8 hukuncin wanda zai ja ragamar majalisarta. A ganina wannan fahimta ta yi gajarta ƙwarai, domin kwanon tangaran shi ne zobe na ƙarshe a wata doguwar sarƙa, kuma duk sauran zobban mutane ne suka ƙera su da hannunsu.

Sai an fara da tsarin lokacin zaɓen kansa kafin a gane sauran. Mafi yawan jihohin Amurka suna zaɓen 'yan majalisun dokokinsu ne a shekarun da ake zaɓen shugaban ƙasa ko na majalisar tarayya, wato irin su 2016 da 2018 da 2020. Jihohi huɗu ne suka fita daga wannan layi, su ne Virginia da New Jersey da Louisiana da Mississippi, waɗanda suke nasu zaɓen a shekarun da ke tsakani, lokacin da babu wani zaɓen tarayya a kan takardar ƙuri'a. A Virginia majalisar wakilai tana da kujeru 100 da ake sabuntawa duk bayan shekara biyu, majalisar dattawa kuma kujeru 40 da ake sabuntawa duk bayan shekara huɗu. Gwamnan jihar ba ya yin wa'adi biyu a jere, kuma ana zaɓensa ne shekara ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda ya sa masu sharhi suke ɗaukar zaɓen Virginia a matsayin ma'aunin farko na yadda jama'a suke kallon sabon shugaba.

Masu kare wannan tsari suna cewa yana ba al'amuran jiha damar a tattauna su a karan kansu, ba tare da hayaniyar siyasar Washington ta danne su ba. Hujjar tana da ƙarfinta, amma tana da tsada, kuma ana ganin tsadar a yawan masu fitowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016 kusan kashi 72 cikin ɗari na masu rajista a Virginia sun kaɗa ƙuri'a. A zaɓen 2015, wanda na 'yan majalisar jiha ne da ƙananan muƙamai kawai, ba gwamna a ciki, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 ba. Zaɓen 2017, da ake ta yabon yawan fitowar jama'a a cikinsa, ya tsaya ne a wajen kashi 48. Ma'ana, ko a shekarar da aka ce mutane sun farka, fiye da rabin masu rajista suna gida, kuma waɗanda suka fi zama a gida a irin waɗannan zaɓuɓɓuka su ne matasa da masu ƙaramin ƙarfi da masu yawan sauya wurin zama, wato mutanen da dokokin jiha kan makarantu da asibiti da albashi suka fi shafa kai tsaye.

Kafin zaɓen ranar 7 ga Nuwamban 2017, 'yan Rifablikan suna da kujeru 66 a majalisar wakilai, 'yan Dimokurat suna da 34. Tazarar ta yi yawan da ko a cikin jam'iyyar Dimokurat 'yan kaɗan ne suka yi tsammanin za a iya kusantar rufe ta a zaɓe ɗaya. Amma shekarar ita ce ta farkon mulkin Donald Trump, kuma fushin da ya taso a unguwannin da ke kewaye da manyan birane, musamman a arewacin jihar kusa da Washington da kewayen Richmond da yankin gaɓar teku, ya sa sababbin 'yan takara da yawa suka fito, akasarinsu mata waɗanda ba su taɓa riƙe kujerar majalisa ba, suka tsaya a mazaɓun da a baya ake barin ɗan Rifablikan ya wuce ba hamayya. Ralph Northam na Dimokurat ya kayar da Ed Gillespie na Rifablikan a takarar gwamna da tazarar kusan kashi 9 cikin ɗari, jam'iyyarsa kuma ta ƙwace kujeru 15 a majalisar wakilai. Da aka gama ƙidayar farko lissafi ya tsaya a 51 da 49, ga kuma mazaɓu kaɗan da tazararsu ta yi ƙanƙantar da doka ta yarda a nemi sake ƙidaya.

Mazaɓa ta 94 tana cikin birnin Newport News, garin da aka sani da masana'antar ƙera jiragen ruwan yaƙi. Yancey yana wakiltarta tun 2012, Simonds kuwa mamba ce a hukumar kula da makarantun birnin, kuma ta taɓa karawa da shi a 2015 ta sha kaye. A wannan karo ƙidayar farko ta ba Yancey nasara da ƙuri'u 10 kacal. Simonds ta nemi a sake ƙirgawa, aka yi hakan ranar 19 ga Disamba, ana tafiya rumfa bayan rumfa tazarar tana raguwa, har aka kammala da yamma Simonds tana da 11,608, Yancey yana da 11,607. Shugabannin Rifablikan a majalisa sun fitar da sanarwar taya ta murna a wannan rana, aka kwana da sanin cewa majalisar ta rabu biyu daidai, 50 da 50.

Washegari al'amarin ya juye. Doka ta tanadi cewa sai alƙalai uku sun tabbatar da sakamakon sake ƙidaya kafin ya zama hukunci, kuma kafin su tabbatar sai lauyoyin Yancey suka gabatar da wasiƙar ɗaya daga cikin jami'an ƙidayar, wanda ya ce akwai wata takardar ƙuri'a da aka ajiye a gefe a matsayin lalatacciya, shi kuma daga baya ya ga bai kamata a ajiye ta ba. A kan wannan takarda mai zaɓen ya cike da'irar da ke gaban sunan Simonds, ya kuma cike wadda ke gaban sunan Yancey, sannan ya ja layi ya ratsa ta Simonds. A sauran muƙaman da ke kan takardar 'yan Rifablikan ya zaɓa. Lauyoyin Yancey suka ce niyyarsa a fili take, ya yi kuskure ne ya soke shi. Lauyoyin Simonds suka nuna cewa a gurbin gwamna wannan mutum ya cike da'irar Gillespie kuma ya yi mata wata alama a kai, alhali ba wanda ya ce soke ta ya yi, don haka ba za a iya cewa layi yana nufin sokewa a wuri ɗaya ba, yana nufin tabbatarwa a wani wurin. Sun kuma yi ƙorafin cewa lokacin ƙalubalantar takarda ya riga ya wuce tun da aka rufe ƙidaya. Bayan doguwar shawara alƙalan suka lissafa takardar ga Yancey, sakamako ya koma 11,608 da 11,608.

Wannan gaɓa ce na fi ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙa'idar da alƙalan suka bi, wato neman gano niyyar mai zaɓe maimakon watsar da duk takardar da ta saɓa wa tsari, ƙa'ida ce mai kyau, domin ba daidai ba ne a hana mutum muryarsa saboda hannunsa ya yi kuskure. Idan aka dubi takardar ita kaɗai, fassarar da aka yi mata ba ta yi nisa da hankali ba. Matsalar tana cikin yadda aka buɗe ƙofar. Jami'an ɓangarorin biyu sun riga sun amince da ajiye takardar a lokacin da ba wanda ya san ita ce za ta yanke hukunci, sai bayan da aka san nauyinta aka dawo da ita, ita kaɗai, ba tare da an ba ɗaya ɓangaren damar dawo da wasu takardun da shi ma yake da shakku a kansu ba. Hukuncin da aka yanke kafin a san wanda zai amfana ya fi samun yardar jama'a a kan wanda aka yanke bayan an sani, ko da na biyun ya fi kusa da gaskiya. Simonds ta roƙi alƙalan su sake duba matsayinsu, wanda ya sa aka ɗage canken daga 27 ga Disamba, amma suka ƙi, aka koma ga tsohuwar dokar jihar, mai asali tun 1705, wadda ta ce idan aka yi kunnen doki hukumar zaɓe ta raba ta hanyar ƙuri'a. A Najeriya dokar zaɓe ta ɗauki wata hanyar, domin idan 'yan takara biyu suka yi canjaras a sama ba a bayyana kowa, sai a sa ranar sabon zaɓe a tsakaninsu.

Abin da ya sa kujera ɗaya ta yi wannan nauyi shi ne majalisar wakilan Virginia ba ta da wanda zai raba gardama idan ƙuri'un mambobi suka yi daidai. A majalisar dattawa mataimakin gwamna yana da wannan iko, amma a ta wakilai babu. Da an tsaya a 50 da 50, dole jam'iyyun biyu su zauna su raba shugabancin kwamitoci, su kuma daidaita a kan wanda zai zama kakaki, kamar yadda aka taɓa yin rabon iko a majalisar a ƙarshen shekarun 1990. Kakakin majalisar kuwa shi ke naɗa mambobin kwamitoci, shi ke tura kowane ƙuduri ga kwamitin da ya ga dama, kuma ƙudurori da yawa a can suke mutuwa tun ba su kai zauren majalisa ba. Simonds ta amince da shan kaye ranar 10 ga Janairu, ranar da majalisar ta buɗe zamanta, aka zaɓi Kirk Cox na Rifablikan a matsayin kakaki.

Ba mazaɓa ta 94 kaɗai ce ta riƙe wannan rinjaye ba. A mazaɓa ta 28, yankin Fredericksburg da Stafford, Bob Thomas na Rifablikan ya kayar da Joshua Cole da ƙuri'u 73, sai daga baya aka gano cewa aƙalla masu zaɓe 147 a wannan yanki an ba su takardun mazaɓar da ba tasu ba, saboda kuskuren da aka yi wajen sanya adireshinsu a rajista. Wasu masu zaɓe sun kai ƙara kotun tarayya suna neman a sake zaɓen, kotun ta ƙi. Wannan kuskure bai samu rabin hankalin da kwanon tangaran ya samu ba, alhali shi ne ya fi tayar da hankali, domin canke hanya ce da doka ta tanada a fili, shi kuwa ba wa mutum takardar wata mazaɓa tauye masa haƙƙi ne ba tare da ya sani ba.

Sai kuma batun iyakokin mazaɓu. Taswirar da aka yi zaɓen 2017 a kanta an zana ta ne a 2011, lokacin da 'yan Rifablikan suke riƙe da majalisar wakilai. A jimillar ƙuri'un 'yan majalisa a faɗin jihar 'yan Dimokurat ne suka fi yawa da rata mai faɗi, ko da yake wani ɓangare na ratar ya zo ne daga mazaɓun da Rifablikan ba ta tsayar da kowa ba, amma duk da haka ba su samu rinjayen kujeru ba. A watan Yunin 2018 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa an zana mazaɓu 11 ta hanyar cunkusa baƙaƙen fata a cikinsu fiye da kima, wanda ya rage tasirin ƙuri'unsu a mazaɓun da ke maƙwabtaka, ta kuma ce hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Aka zana sabuwar taswira, majalisar wakilai ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar a watan Yunin 2019 bisa hujjar cewa majalisar ita kaɗai ba ta da hurumin shigar da ita. Mazaɓa ta 94 tana cikin waɗanda gyaran ya shafa. A watan Nuwamban 2019 Simonds da Yancey suka sake karawa a kan sababbin iyakoki, ta kayar da shi da tazara mai yawa, jam'iyyarta kuma ta samu kujeru 55 a majalisar wakilai da 21 a ta dattawa. Mutanen biyu ba su canza ba a cikin shekara biyu, layin da ya kewaye masu zaɓensu ne ya canza.

Domin a ga abin da irin waɗannan kujeru suke jawowa a rayuwar mutane, babu misalin da ya kai batun faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, wanda dokar lafiya ta zamanin Barack Obama ta ba jihohi zaɓin faɗaɗa shi da kuɗin da akasarinsa gwamnatin tarayya ce ke biya. A nan ne zaɓen cike gurbi ya shigo cikin labarin. Jihohin Amurka sun rabu a kan yadda ake cike kujerar ɗan majalisar da ya rasu ko ya yi murabus. Wajen rabinsu naɗi ake yi, sauran kuma zaɓe, Virginia tana cikin masu zaɓe, inda gwamna ke sa rana idan majalisa tana hutu, shugabannin majalisar kuma su sa idan tana zama. Irin wannan zaɓe yakan faɗo a tsakiyar hunturu ko lokacin hutun bazara, kamfen ɗinsa 'yan makonni ne, masu fitowa kuma ba su da yawa.

A 2013 Northam, wanda sanata ne a majalisar jiha a lokacin, ya ci zaɓen mataimakin gwamna, kujerarsa ta zama fanko. A zaɓen cike gurbin da aka yi a watan Janairun 2014, Lynwood Lewis na Dimokurat ya riƙe kujerar da ƙuri'u 11 bayan sake ƙidaya, a cikin ƙuri'u wajen dubu 20. Wannan ya sa majalisar dattawa ta tsaya a 20 da 20, Northam yana raba gardama, wato iko ya koma hannun Dimokurat. Bai daɗe a can ba. A watan Yunin wannan shekara Sanata Phillip Puckett na Dimokurat, daga yankin ma'adinan kwal na kudu maso yammacin jihar, ya yi murabus ba zato ana tsakiyar taƙaddama a kan kasafin kuɗi da Medicaid, rinjaye ya koma ga Rifablikan nan take, sannan Ben Chafin na Rifablikan ya ci kujerar a zaɓen cike gurbi na watan Agusta. Gwamna Terry McAuliffe na Dimokurat ya ƙare shekarunsa huɗu yana neman faɗaɗa shirin bai samu ba.

Abin da ya gagara a shekara huɗu ya yiwu a cikin 'yan watanni bayan zaɓen 2017, kuma ya yiwu ne a ƙarƙashin majalisar da Rifablikan take jagoranta. Jam'iyyar da ta sauko daga kujeru 66 zuwa 51, ta kuma san cewa ta 51 ɗin daga cikin kwano ta fito, ba za ta iya yin watsi da abin da masu zaɓe suka nuna suna so ba. Kakaki Cox da wasu 'yan jam'iyyarsa, musamman na yankunan karkara inda asibitoci suke fama da marasa lafiyar da ba su da inshora, suka amince da faɗaɗawar bisa sharaɗin a haɗa ta da ƙa'idar neman aiki. A ƙarshen watan Mayun 2018 majalisar dattawa ta amince da ƙuri'u 23 a kan 17, kuma Ben Chafin, mutumin da ya gaji kujerar da murabus ɗin mai ita ya toshe shirin a 2014, yana cikin 'yan Rifablikan huɗu da suka goyi baya. Northam ya sa hannu a watan Yuni, shirin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, ya buɗe ƙofar inshora ga mutane wajen dubu 400. Wannan ya nuna cewa kujeru 15 da suka sauya hannu sun fi kujerar da aka canka tasiri a kan manufa, ko da yake ita ce ta yanke wanda zai riƙe sandar kakaki.

Daga lokacin har zuwa zaɓen 2023 majalisar Virginia ta ci gaba da rawa a kan ƙaramar tazara. Rifablikan ta dawo da majalisar wakilai a 2021 da kujeru 52 a kan 48, Dimokurat ta sake karɓe ta a 2023 da 51 a kan 49, kuma a tsakanin haka, a watan Janairun 2023, zaɓen cike gurbi a yankin Virginia Beach ya ba Aaron Rouse na Dimokurat kujerar sanatan da Jen Kiggans ta Rifablikan ta bari bayan ta tafi majalisar tarayya, a daidai lokacin da ake jayayya a kan dokar zubar da ciki a jihar. Saboda haka ne jam'iyyun biyu suke zuba miliyoyin daloli a mazaɓun da a da ba wanda yake waiwayarsu.

Ita kuwa dokar canke, majalisar da aka zaɓa a 2019, wadda Simonds take zaune a cikinta, ta taɓa ta a zamanta na 2020. Gyaran ya tanadi cewa idan aka sake ƙidaya a takarar kujera irin wannan, kotu ta tabbatar an yi kunnen doki, to za a kira zaɓe na musamman, a mayar da maganar ga mutanen mazaɓar su sake fitowa rumfa.